Ray Crowe: Malamin lissafin da ya kai yaran makarantar baƙar fata ga kofin jihar Indiana

A jihar Indiana ta ƙasar Amurka, gasar ƙwallon kwando ta makarantun sakandare ta daɗe tana da matsayin da ƙwallon ƙafa ke da shi a wajenmu, ko ma fiye da haka. An fara ta a 1911, kuma a shekarun 1950 makarantu sama da 700 ne ke shiga, ta birni da ta ƙauye, babba da ƙarama, duk a sahu ɗaya, wanda aka doke sau ɗaya ya kama hanyar gida. Idan watan Maris ya kama, ƙananan garuruwa kan zama kamar an yi shara, kowa ya bi yaran garinsu filin wasa. Wasan ƙarshe kuwa a wancan lokaci a zauren wasanni na Jami'ar Butler ake yin sa, a Indianapolis babban birnin jihar, zauren da a lokacin ke ɗaukar mutum kusan 15,000. Wanda bai sami wuri ba sai ya kasa kunne a rediyo ko ya zauna gaban talabijin.

Shekara 44 aka yi ana wannan gasa babu wata makarantar Indianapolis da ta taɓa ɗaukar kofin. Wanda ya kawo ƙarshen wannan jira shi ne Ray Crowe, wani malamin lissafi baƙar fata, da yaran makarantar Crispus Attucks, makarantar da birnin ya gina don ya ware 'ya'yan baƙar fata daga na fararen fata, wadda ko zauren da za ta karɓi baƙi a yi wasa ba ta da shi. Shekara bakwai kacal ya yi yana horar da ƙungiyar, daga 1950 zuwa 1957. A cikinsu ya ci wasa 179, aka doke shi a 20, ya kai zagayen makarantu huɗu na ƙarshe sau huɗu, ya ɗauki kofi sau biyu a jere.

An haifi Raymond Province Crowe ranar 30 ga Mayu, 1915, a gundumar Johnson da ke kudu da Indianapolis, cikin gidan manoma mai 'ya'ya goma. Yankin na fararen fata ne kusan gaba ɗaya, don haka tun yana yaro da su ya yi karatu, da su ya yi wasa. A sakandaren garin Whiteland ya yi fice a ƙwallon kwando, daga nan ya wuce Kwalejin Indiana Central, wadda a yau ake kira Jami'ar Indianapolis, inda ya haɗa ƙwallon kwando da tsere. Gidan nasu na 'yan wasa ne: ƙanensa George shi ne ɗalibi na farko da aka ba lambar gwarzon ɗan ƙwallon kwando na jihar a 1939, daga baya kuma ya yi suna a wasan besbol. Wannan tasowa a tsakiyar fararen fata ta yi wa Ray amfani a aikin da ke jiransa. Ya san halinsu ciki da waje, ba ya shakkar su, ba ya kuma ganin sun fi ƙarfin a doke su.

Takardar shaidar kwaleji ba ta buɗe masa ƙofa nan take ba. Sai da ya yi aikin shara a masana'antar International Harvester kafin ya sami aikin koyarwa a wata ƙaramar makarantar gwamnati ta baƙar fata a Indianapolis, wadda ake kira Makaranta ta 17. Lissafi yake koyarwa, da yamma kuma ya horar da yara ƙwallon kwando. Da yawa daga cikin waɗanda suka yi masa wasa a Attucks daga baya, a nan ya fara saninsu suna ƙanana. Daga nan aka ɗauke shi mataimakin mai horarwa a Attucks, a ƙarƙashin Fitzhugh Lyons.

Ba za a gane girman abin da ya yi ba sai an san yadda aka yi makarantar ta samu. A 1922 hukumar ilimi ta birnin ta yanke shawarar gina sakandare ta baƙar fata zalla, duk da adawar shugabannin baƙar fata da dama, waɗanda 'ya'yansu ke karatu a makarantu ɗaya da na fararen fata kafin lokacin. Shekaru ne da ƙungiyar wariyar launin fata ta Ku Klux Klan ke cin karenta babu babbaka a Indiana, har ta kai ɗan takarar da take goyon baya ya ci zaɓen gwamna a 1924. An buɗe makarantar a 1927, aka sa mata sunan Crispus Attucks, baƙar fatan da sojojin Ingila suka harbe a birnin Boston a 1770, gabanin yaƙin neman 'yancin Amurka. An gina ta don ɗalibai 1,000, amma tun ranar farko waɗanda suka zo sun zarce haka. Abin da masu wariyar ba su yi lissafi da shi ba shi ne malaman. Da yake manyan jami'o'i ba sa ɗaukar baƙar fata aiki, masu digiri na biyu da na uku suka taru a Attucks suna koyar da 'yan sakandare, har makarantar ta zama abin alfaharin unguwannin baƙar fata.

A fagen wasa kuwa an rufe mata ƙofa. Ƙungiyar da ke shirya wasannin sakandare a jihar ta ƙi karɓar makarantun baƙar fata da na 'yan Katolika, sai a ƙarshen 1941 ta janye haramcin, bayan matsin lamba daga mutane irin su Robert Lee Brokenburr, ɗan majalisar dattawan jihar baƙar fata. Ko bayan nan, makarantun cikin birni sun daɗe suna ƙin yin wasa da Attucks. Yaran kan shiga mota su yi tafiya mai nisa zuwa ƙananan garuruwa, inda ake taruwa kallonsu kamar wani abin mamaki, a tashi wasa kuma gidajen abinci su ƙi sayar musu.

Shugaban makarantar tun daga 1930, Dakta Russell Lane, ya sha wahala kafin a buɗe wannan ƙofa, kuma tsoronsa shi ne kada wata 'yar hatsaniya a fili ta sa a sake rufe ta. A wajensa ƙungiyar jakadiya ce, aikinta ta nuna wa fararen fata cewa yaran baƙar fata masu tarbiyya ne. Haka Lyons ya horar da su: wasa a hankali, a bar tazara tsakaninka da abokin karawa, kada jiki ya taɓa jiki. Ana yaba musu da ladabi a duk inda suka je, ana kuma fitar da su daga gasa tun a zagayen farko-farko. Bai kamata a yi saurin ganin laifin Lane ba, domin ya san garin da yake ciki. Sai dai tsarin nasa yana nufin yara su shiga fili sun riga sun yarda cewa nasara ba tasu ba ce.

Alhali yaran suna da wani salon wasan da makaranta ba ta so ta gani. A kusa da rukunin gidajen gwamnati na Lockefield Gardens akwai wani filin turɓaya da ake yi wa laƙabi da Dust Bowl saboda ƙurar da ke tashi a cikinsa. A nan matasan unguwa ke wuni suna wasa da gudu, da tsalle, da jifa da hannu ɗaya, wanda aka doke ya fita ya ba wasu wuri. Da Crowe ya karɓi ƙungiyar a 1950, abin da ya yi shi ne ya shigo da wasan wannan fili cikin makaranta ya yi masa linzami. Ya bar su su yi gudu. Da zarar ƙwallo ta dawo daga kwando, a cafe ta a ruga gidan abokan karawa kafin su shirya. Idan ƙwallo tana hannun abokan karawa, a matsa musu tun daga gidansu. Ya nemo dogayen yaran da a da ake wucewa, ya sa su a gaba.

Wajen ɗa'a kuwa bai rage komai daga abin da Lane ke so ba, ya ma ƙara. Yaron da ya faɗi a aji ba ya wasa. Wanda ya yi wa alƙalin wasa gardama, ko ya rama zagi daga 'yan kallo, benci ne makomarsa. Shi kansa a gefen fili yakan zauna shiru cikin kwat, ko an yi masa rashin adalci a bainar jama'a. Ya san yaran daga gidajen talauci suke, wasu gidajensu ko ruwan famfo babu, don haka yana bin diddigin abin da suka ci da inda suka kwana. Bambancinsa da shugabansa a wuri ɗaya ne: Crowe bai yarda cewa ladabi yana buƙatar a sha kashi ba.

Shekararsa ta farko ta nuna amfanin tsarin, ta kuma nuna masa inda gizo ke saƙa. A gasar 1951, a wasan yanki da makarantar Anderson, Attucks tana baya da tazara mai yawa a kashin ƙarshe na wasan, ta farfaɗo ta ci 81 da 80 da wata jifa da wani yaro mai suna Bailey Robertson, wanda aka sako daga benci, ya yi ana daf da tashi. Unguwannin baƙar fata sun kwana suna murna. Haka ƙungiyar ta kai zagayen huɗu na ƙarshe. Kafin a fita wasan kusa da na ƙarshe, Lane ya shiga ɗakin 'yan wasa ya tuna musu cewa mutuncin al'ummarsu yana wuyansu, su kiyaye kada su yi abin da za a zarge su. Yaran suka fita a ɗarare, makarantar Reitz ta garin Evansville ta doke su. An ba ɗan wasan Attucks, Bob Jewell, lambar yabo ta kyawun hali a gasar, karo na farko da baƙar fata ya same ta. Ga Lane wannan babbar riba ce. Crowe kuwa ya ɗauka cewa shi ne ya gaza wajen shirya yaransa, ya ƙudurta ba za a sake ba.

Sai batun alƙalan wasa, waɗanda kusan dukkansu fararen fata ne a lokacin. A 1953, ƙungiyar da ke da Hallie Bryant, gwarzon ɗan wasan jihar na wannan shekara, ta fita daga gasa a hannun makarantar Shelbyville bayan wani hukunci da aka yanke wa Bryant a daƙiƙun ƙarshe, wanda har marubuta wasanni fararen fata suka yi tir da shi. Crowe bai kai ƙara ba, bai yi surutu a jarida ba. Maganin da ya koya wa yaransa na malamin lissafi ne: su ɗauka cewa makin farko da za su ci na alƙalin wasa ne, su yi nisa tun da wuri yadda busa ɗaya ko biyu a ƙarshe ba za ta canja komai ba. Wannan ne ya sa Attucks ba ta sassautawa ko tana gaba da maki ashirin.

A 1954 ƙanen Bailey ya shigo ƙungiyar, wani siririn yaro ɗan shekara 15 da aka haifa a jihar Tennessee, mai suna Oscar Robertson. A wannan shekara Milan, makarantar wani ɗan ƙaramin gari mai ɗalibai 161, ta fitar da Attucks daga gasa, ta je ta ɗauki kofin, labarin da har yau Indiana ke ji da shi.

Shekarar da ta biyo baya ta Crowe ce. Wasa ɗaya kacal aka doke su a duk kakar. A hanyar zuwa ƙarshe sun tsallake makarantar Muncie Central da maki ɗaya tal, 71 da 70, bayan Oscar ya tare wata ƙwallo a daƙiƙar ƙarshe. Ranar 19 ga Maris, 1955, suka yi wasan kusa da na ƙarshe da rana, da dare kuma suka fuskanci Roosevelt ta birnin Gary, wadda ita ma makarantar baƙar fata ce zalla. Ke nan a jihar da shekara 14 baya ba a yarda irin waɗannan makarantu su shiga gasar ba, yaran baƙar fata goma ne a fili a wasan ƙarshe, dubban fararen fata na kallo. Attucks ta ci 97 da 74, Oscar ya zuba maki 30. Ita ce makarantar baƙar fata zalla ta farko a duk Amurka da ta ɗauki kofin jiha a gasar da kowa ke shiga. Wata goma ke nan da Kotun Ƙolin ƙasar ta haramta wariya a makarantun gwamnati, kuma saura wata takwas da 'yan kwanaki Rosa Parks ta ƙi tashi daga kujerarta a motar bas a birnin Montgomery.

Abin da ya biyo bayan wasan ya fi wasan kansa daɗewa a bakin mutane. Bisa al'ada akan ɗora zakarun a motar 'yan kwana-kwana a zaga da su dandalin Monument Circle da ke tsakiyar birni, jama'a su yi shagali a nan. Tun kafin wasan hukumomin birnin sun riga sun tsara yadda za a yi idan Attucks ta ci. Motar ta zaga dandalin, daga nan 'yan sanda suka ja ayarin zuwa filin shaƙatawa na Northwestern, can cikin unguwar baƙar fata, inda aka hura babbar wuta. Dubban mutane sun taru, kuma wasu daga cikin 'yan wasan sun ci gaba da tuna daren a matsayin mafi daɗi a rayuwarsu, domin a tsakiyar mutanensu suka yi murna. Oscar Robertson bai ga haka ba. Ya fahimci cewa birnin da suka ciyo wa kofi yana tsoron su yi tarzoma a tsakiyarsa, ya bar wurin da wuri ya tafi gida, kuma har ya tsufa bai daina maganar ba. Crowe, kamar kullum, bai ɗaga murya ba.

A 1956 suka yi abin da ba a taɓa yi ba a tarihin gasar: wasa 31, nasara 31. Sun doke Jefferson ta garin Lafayette 79 da 57 a wasan ƙarshe, Oscar shi kaɗai ya ci maki 39. Jerin nasarorinsu ya kai wasa 45 ba tare da an doke su ba. Masu cewa Oscar ne komai sun sami amsa a 1957, lokacin da Crowe, bayan Oscar ya kammala, ya sake kai ƙungiyar wasan ƙarshe, inda Central ta birnin South Bend ta doke su. A nan ya ajiye aikin horarwa, ya zama daraktan wasanni na makarantar. Wanda ya gaje shi, Bill Garrett, ya ƙara kawo wa Attucks kofi na uku a 1959.

Yaransa sun yi nisa. Bryant ya yi Jami'ar Indiana, ya shafe shekaru da ƙungiyar Harlem Globetrotters. Oscar Robertson ya jagoranci tawagar Amurka tare da Jerry West suka ci zinare a gasar Olamfik ta birnin Rum a 1960, ya zama gwarzon gasar ƙwararru ta NBA a 1964, ya ɗauki kofi da Milwaukee Bucks a 1971, kuma a matsayinsa na shugaban ƙungiyar 'yan wasa ya shigar da ƙarar da ta buɗe wa 'yan wasa hanyar zaɓar inda za su yi aiki.

A cikin birnin kuwa nasarar ta zo da wani sakamako mai harshen damo. Da wasannin Attucks suka fara cika zauren Butler, makarantun da a da ke gudunta suka koma neman wasa da ita, saboda kuɗin ƙofa. Dokar jihar ta 1949 ta riga ta ba da umarnin kawo ƙarshen wariya a makarantu, amma ana jan ƙafa wajen aiwatarwa. Masu horarwa a makarantun fararen fata, da suka gaji da shan kashi, suka fara ƙoƙarin riƙe yaran baƙar fata da ke unguwanninsu maimakon a tura su Attucks. Ƙwallon kwando bai kawar da wariya daga makarantun Indianapolis ba, sai da kotun tarayya ta sa baki a farkon shekarun 1970. Amma ya sassauta ƙofar, kuma ta wannan ƙofa ce haziƙan 'yan wasa suka riƙa zuwa wasu makarantu, ƙarfin Attucks ya ragu. A 1986 aka mayar da ita ƙaramar sakandare.

Crowe ya shiga siyasa a 1966, aka zaɓe shi ɗan majalisar wakilan jihar a jam'iyyar Republican. Ya shugabanci kwamitin ilimi na majalisar, inda ya matsa a kan haɗa ɗalibai da malamai ba tare da duba launi ba. Daga 1976 zuwa 1979 shi ne daraktan filayen shaƙatawa na Indianapolis, daga baya kuma ya yi kansila a majalisar birnin.

A 1986 aka fitar da fim ɗin Hoosiers, wanda aka gina a kan labarin Milan: yaran ƙauye fararen fata suna doke babbar makarantar birni mai 'yan wasa baƙar fata a wasan ƙarshe. Fim ɗin ya karɓu a duniya, har ya zama abin da mutane da yawa suka sani game da ƙwallon kwando na Indiana, alhali labarin Attucks, wanda ya fi shi nauyi a tarihin ƙasar, bai sami irin wannan gata ba. An ɗauki wasan ƙarshen a ainihin zauren Butler. Dattijon da ke zaune a bencin ƙungiyar da aka doke, a matsayin mai horar da ita, Ray Crowe ne da kansa.

Ya rasu ranar 20 ga Disamba, 2003, yana da shekara 88. Jami'ar Indianapolis ta sa wa wani ɗakin kwanan ɗalibai sunansa da na ƙanensa George. A 2015, shekara 60 bayan kofin farko, aka gayyaci waɗanda suka rage daga ƙungiyar 1955 suka jagoranci babban faretin shekara-shekara da ake yi a tsakiyar birnin gabanin tseren motoci na Indianapolis 500. Attucks, wadda aka mayar da ita cikakkiyar sakandare a 2006, ta sake ɗaukar kofin jiha a rukuninta a 2017.